Tobo a mazaunin salansa: Ribarsa da wahalarsa

A makon nan ƙarƙashin mota za mu shiga, don haka kowa ya naɗe hannun riga. Wani ɗalibin kwalejin fasaha ne ya aiko da tambaya, ya ce ya ga bidiyon wata mota a Amurka da aka cire mata tukunyar salansa aka ɗaura tobo a gurbin, can kusa da tayar baya. Yana son ya san ko abin yana aiki ko kuwa burga ce kawai, kuma ko zai iya yi wa motar yayansa idan ya tara kuɗi. Yana aiki, malam. Sai dai kafin a kai ga motar Yaya akwai sauran magana.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya riga ya san rabin labarin tobo. Gawayi ɗaya ne, amma da an taɓa zugazugi sai wuta ta tashi, domin an ƙara mata iska. Injin mota ma haka yake. Ƙarfinsa ya dogara ga yawan man da zai iya ƙonawa, shi kuma mai ba ya ƙonuwa sai da iska. Tobo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyun kuma tana zuƙo iska ta cusa wa injin da ƙarfi. Juyawar kan wuce sau 150,000 a minti ɗaya. Matsin iskar da muke shaƙa a gaɓar teku 14.7 ne a ma'aunin da mai faci ke duba taya da shi. Idan tobo ya ƙara 7 a kai, injin ya samu kusan rabin iskarsa ƙari ke nan, kuma in aka ba shi man da ya dace da ita, ƙarfinsa zai ƙaru sosai.

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa dabarar rajista tun 1905, amma sai a 1962 kamfanin General Motors ya fitar da motocin hawa masu tobo, Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. A al'ada ana manna tobo ne a jikin inji, daidai inda hayaƙi ke fitowa da zafinsa. Leƙa injin DAF ko Howo a kowane gareji za ka gan shi nan, kamar dodon koɗi na ƙarfe.

Kai shi baya ba sabon tunani ba ne. Jirgin yaƙin Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu, P-47 Thunderbolt, injinsa na gaba, tobonsa kuma na bayan matuƙi, bututai na kai hayaƙi baya suna dawo da iska gaba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa jirgin ya yi ƙiba kamar tulu. A motoci kuwa, kamfanin STS na jihar Utah ne ya yayata tsarin a farkon shekarun 2000, yana sayar da kayan haɗi na motoci irin su Camaro da Corvette da manyan a-kori-kura. (Kada wani ya kawo mini Porsche 911. Ita injin ne gaba ɗaya a baya, tobon na nan manne da shi.)

Me ya sa mutum zai ɗauki wannan wahala? Wuri. Buɗe bonet ɗin motar zamani mai silinda shida ko takwas, ko hannu da ƙyar za ka cusa, balle a ce tobo da bututansa. A baya kuwa, da an cire tukunyar salansa an samu gurbi. Ba sai an taɓa bututan da ke bakin inji ba, ba sai an matsar da batir ko lagireto ba, kuma indomi yana nan inda kamfani ya sa shi yana tace hayaƙi. Tobon da kansa yana rage ƙara, saboda farfelarsa tana daddatsa hayaƙin kafin ya fita. In mutum ya gaji, ko zai sayar da motar, ya kwance ya mayar da salansa.

Riba ta biyu ita ce zafi, kuma mu da muke ganin digiri 40 a watan Afrilu mun fi kowa sanin darajarta. Hayaƙin injin fetur idan ana taka totur yakan kai digiri 800 zuwa 900, har jikin tobo ya yi ja. A ƙarƙashin bonet wannan zafi na gasa wayoyi da robobi, yana kuma ƙara wa lagireto aiki. A baya kuwa iska ce ke kaɗa shi. Haka nan iskar da aka matse tana yin zafi, amma da yake sai ta bi dogon bututu na alminiyam kafin ta iso inji, tana ɗan hucewa a hanya. Shi ya sa wasu masu ƙaramin matsi ba sa ɗaura intakula. Akwai kuma batun nauyi da ke komawa baya, wanda ke taimaka wa motar da ke ja da tayoyin baya. Ga Corolla da Civic da ke ja da na gaba, wannan ba riba ba ce.

Yanzu ɗalibai 'yan ajin kimiyya ku matso, domin babbar matsalar tana cikin littafinku. Dokar Charles ta ce idan matsi bai canza ba, girman iska yana tafiya ne da zafinta a ma'aunin Kelvin. Mu ɗauka hayaƙi ya fito daga inji da digiri 900, wato Kelvin 1,173, kuma kafin ya gama tafiyar mita uku ko huɗu ya sauka zuwa digiri 600, wato Kelvin 873. Raba 873 da 1,173, za ka samu kusan 0.74. Hayaƙin ya tsuke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma zafin da ya watse a hanya shi ne ƙarfin da ya kamata ya juya farfela. Sakamakon shi ne jinkiri: ka taka totur, motar ta yi kamar ba da ita kake ba, sai can ta zabura.

Mutane da yawa suna ɗora laifin jinkirin a kan tsawon bututun iska, wai kafin ya cika an daɗe. Mu gwada da alƙalami. Bututu mai faɗin inci biyu da rabi, tsawon mita 4, yana cin kusan lita 13. Don matsinsa ya ƙaru da rabi, ana bukatar ƙarin iska kamar lita 6 da ɗoriya. Injin lita 3 da ke juyawa sau 3,000 a minti yana haɗiye kusan lita 75 a daƙiƙa guda. Ka ga ashe lita shidan nan abin da injin ke zuƙa ne cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Bututun yana da nasa laifi, amma sanyin hayaƙi ya fi shi. Shi ya sa masu aikin ke naɗe bututun salansa da ƙyallen da ke riƙe zafi, suna kuma zaɓar tobo mai matsattsen gida a ɓangaren hayaƙi don ya tashi da wuri. Matsattsen gidan kuma yana shaƙe injin idan gudu ya yi nisa. Nan za ka gane abin da ya sa tsarin ya yi farin jini a Amurka: injinsu na silinda takwas mai lita biyar ko shida yana da hayaƙin da ko ya huce ya isa. Injin lita 1.8 ba shi da wannan rara.

Sai baƙin mai, inda aka fi yin kuka. Sandar da ke juyawa da irin wannan gudu dole a riƙa yi mata wanka da mai babu tsayawa. Tobon gaba yana sama da kaskon mai, don haka man na gangarawa da kansa ya koma. Na baya yana ƙasa kuma yana nesa, sai an sa famfon lantarki ya riƙa turo man gaba. Ran da famfon ya mutu, ko fis ya ƙone, ko waya ta tsinke, injin zai ci gaba da aika mai baya, babu mai dawo da shi. Man zai cika tobon ya tsallake zuwa bututai, bayan mota ya turnuƙe da shuɗin hayaƙi, kasko kuma yana ƙafewa. Direban da bai lura da wuri ba, inji zai buga. Ga kuma doguwar tiyon mai da ke bin ƙarƙashin mota, wadda dutse ɗaya ya isa ya fasa. Akwai tobon da ake cika wa giris, ba ya bukatar man inji, amma yana da tsada kuma sai an riƙa sabunta giris ɗin a kan lokaci.

Duk waɗannan matsaloli ne da Ba'amurke ma yake fama da su. Namu na gida ya ɗara. Matatar iska a wannan tsari tana komawa baya ne kusa da taya, inda duk ƙurar da tayoyi suka tayar ke taruwa. Ka tuna hunturu, ka tuna hanyar ƙauye. Ƙura tana cinye farfela kamar yadda yashi ke cin wuƙa. Da damina kuwa, unguwa nawa ce a Kano ko Kaduna ko Maiduguri ba a ratsa ruwa har gwiwa? Injin da ya zuƙi ruwa ya gama, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, ƙarfen fistin ne zai lanƙwashe. Ko bai zuƙa ba, ƙarfen da ya yi ja ka watsa masa ruwan sanyi yana iya tsagewa. Ƙara da ramuka da tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama, alhali abu mafi tsada a motar yana rataye tazarar taƙi ɗaya daga ƙasa, maƙwabcin tankin fetur. In motar ta koma gas ta ɗauki tukunya a but, maƙwabtan sun zama biyu.

Kuma tobon kansa rabin kuɗin ne. Injin da ba a ƙera shi don tobo ba yana matse iska sosai tun asali, galibi kamar goma a ɗaya. Ƙara masa matsi yana sa mai ya fashe kafin fulogi ya ba da wuta, abin da ke huda fistin. Maganinsa manyan injekta, da famfon mai mai ƙarfi, da ƙwararren da zai sake tsara kwamfutar motar, da fetur mai daraja ta sama. A Amurka ana zaɓar daraja a bakin famfo. A gidajen manmu iri ɗaya ake sayarwa, abin da ka samu shi ke nan, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take. Kuloci da giya da birki kuwa an auna su ne da ƙarfin da kamfani ya ba motar. Masu wasan mota a biki da lokacin Sallah sun fi kowa mance wannan na ƙarshe, alhali ba su kaɗai ne a kan titin ba.

Ra'ayina shi ne, tsarin ya dace da babbar mota mai tsayi daga ƙasa, mai babban inji, wadda ba da ita ake kai yara makaranta ba, a hannun wanda ke da wata motar in wannan ta kwanta. Motar Yaya da yake zuwa aiki da ita ba ta cikin wannan sahu. Mai son tobo a motar yau da kullum ya nemi wadda ta zo da shi daga kamfani, irin su Golf GTI ko Hilux mai dizal, inda aka auna fistin da birki da sanyaya tare da shi.

Ga aikin gida ga masu sha'awa: sake lissafin dokar Charles ɗin nan, amma ku ɗauka an naɗe bututun har hayaƙi ya isa baya da digiri 750. Kashi nawa ya tsuke? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku.