Makaranta a Gindin Zogale

A 'yan shekarun nan iyaye a Katsina sun ɗanɗani zaman yaro a gida ba makaranta. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu na tsawon watanni. Ba a gama farfaɗowa ba, sai aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar wannan shekara, aka sake rufe makarantun kwana. Ga kuma gidajen da tsadar rayuwa ta sa suka janye 'ya'yansu daga makarantun kuɗi, da waɗanda suka zaɓi uwa ko malami mai zuwa gida ya karantar da ƙanana. Ko mene ne dalili, tambayar ɗaya ce: in an wanke allo, an rufe littafi, me yaron zai yi da sauran wuninsa? A gidaje da yawa waya ce ke amsawa a madadinmu.

Ra'ayinmu shi ne, duk gidan da ke karantar da yaro a cikinsa ya kamata ya ware masa ɗan lambu, ko da buhu uku ne aka cika da ƙasa da takin awaki aka jera a gindin katanga. Ba domin miya kaɗai ba, domin karatu.

Mu fara da wake, wanda ke tsirowa cikin 'yan kwanaki. A ba yaro ƙwaya goma ya shuka, ya ƙirga nawa suka fito, nawa suka ƙi. Kowace Juma'a ya auna tsawon yabanyarsa ya rubuta a littafi, da boko ko da ajami. Ga ƙidaya, ga ɗebewa, ga rubutu, kuma ba wanda ya ɗaga masa bulala. A sa gwangwani ɗaya a rana, ɗaya a ƙarƙashin gado. Bayan mako guda da kansa zai ga na duhu ya yi zalau, ya ɗashe, ya tambayi dalili. Ranar da aka tuge waken, a nuna masa 'yan ƙululun da ke jikin saiwa, a gaya masa su ne ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa kakanninsa ke haɗa wake da gero a gona ɗaya.

Alayyafo kan kai yanka cikin wata guda, kuɓewa ta fara 'ya'ya cikin kimanin wata biyu, tumatir da latas kuwa sun fi son sanyin hunturu. Yaron da ya bi wannan jeri ya san damina da kaka da rani da bazara ba da hadda ba. Daga nan sai a tambaye shi: me ya sa azumi ke zagaya shekara, amma shuka ba ta barin farkon damina? Nan zai gane shekarar Hijira ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Wanda ya ɗan tasa, a ɗora masa lissafin zakkar hatsi: ɗaya bisa goma a abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin a abin da aka sha wahalar ban ruwa, muddin ya kai nisabi. Manomin da ya samu buhu 40 na gero, nawa zai fitar? Darasin kaso ke nan da fiƙihu a zama ɗaya.

Mun san abin da za a ce. Ruwa ya yi wuya a birni, gidan haya ba fili, ga awaki da kaji. Gaskiya ne, amma kowanne da mafita. Ruwan alwala da na wankin hatsi da muke kwararwa a rariya ya ishi buhu uku, in dai ba sabulu a ciki. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a rufe ƙasar da busasshen ganye don ta riƙe laima. Tsohon gidan sauro ya isa shinge, jiƙon ganyen bedi, wato darbejiya, ya rage ƙwari. Yaron da ya tashi yana tattalin ruwa haka, a jihar da hamada ke matsowa daga arewa, ba sai an yi masa lacca kan almubazzaranci ba.

Wasu kuma za su ce wannan wasa ne, ko aikin ƙauye. Mu tuna wannan birni na hasumiyar Gobarau, na Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, shi ne ya fitar da Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741. Magabatanmu ba su raba karatu da lura da halitta ba. Mu ne muka wayi gari da ɗan birni mai iya rera sunayen tuffa da inabi da Turanci, amma bai bambance rama da yakuwa, bai kuma taɓa lura cewa gawo na zubar da ganye da damina ya tofo da rani ba.

Ba mu ce lambu zai maye gurbin makaranta ba. Yaro na buƙatar malami, da tsara, da jarrabawa, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta tsare makarantu su zauna a buɗe. Sai dai akwai abin da lambu ke koyarwa wanda allo bai iyawa: cewa abin da aka ba ka amana, in ka manta da shi kwana uku, zai yanƙwane. Saboda haka kada uwa ta yi wa yaro ban ruwa a ɓoye don gudun kukansa. A bar shi ya ga sakamakon sakacinsa, a ba shi wani iri ya sake. In kuma amfani ya zo, a sa shi ya kai wa maƙwabta damin farko da hannunsa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan makon a samo buhu, da ƙasa, da tafin wake, a miƙa wa yaro. Allah ya raya mana zuriya, ya sa albarka a abin da suka shuka.