Zancen Iyali: Gemu Ba Ya Hana Ilimi

A wannan wata zancenmu yana kan manya waɗanda suka bar makaranta da daɗewa, amma har yanzu zuciyarsu tana can. Akwai irinsu da yawa a ikkilisiyoyinmu na Talata Mafara, da Bakura, da Maradun. Wani rashin kuɗi ne ya tsai da shi. Wata aure aka yi mata tana gama sakandare. Waɗansu kuwa tsoro ne ya komar da su gida a 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, da makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, har gwamnati ta rufe makarantu. Yaran wancan lokaci yau sun zama magidanta.

To, ƙofa ba ta rufu ba. Tun 1976 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da wani shiri da ake kira IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a. Ɗalibi yakan zaɓi darussa uku, ya yi kusan shekara guda a kansu, sa'an nan ya zauna jarrabawa. In ya ci da kyau, sai ya cika takardar JAMB ta shiga kai tsaye, ya nemi aji biyu na jami'a. Ana wannan karatu a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Gusau, da makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da take Funtuwa. Jami'a kuma ta matso kusa da mu, gama tun 2013 akwai ta tarayya a Gusau.

Amma da fari sai mutum ya duba takardarsa ta sakandare. Ana bukatar kiredit biyar, har da Turanci. Wanda nasa bai cika ba, ya fara sāke jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zama daga gida. Ba kunya a ciki. Mai gini ba ya ɗora jinka kafin bango ya tsaya.

Yanzu ga inda gardama takan tashi a gida. In maigida ya ce zai karanta Tarihi, da Adabin Turanci, da Ilimin Addinin Kirista, ko Hausa, sai dangi su ce, "Wannan kuma me za a ci da shi? Ai da likita ne ko injiniya." Sai mu yi tunani. Littafi Mai Tsarki da muke karantawa kowace safiya, a 1932 aka gama juya shi duka zuwa Hausa. Dokta Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa sun yi shekaru suna auna kalma da kalma. Aikin harshe ne ya kawo Maganar Allah bakin murhunmu. Wane ne zai koya wa 'ya'yanmu Ilimin Addinin Kirista a makaranta in ba mu da malamai masu takardar shaida? Wane ne zai rubuta wa ikkilisiya takarda zuwa ga hukuma, ya kuma karanta ta fili ko ta gona ya gane abin da ke ciki kafin a sa hannu? Daniyel ya koyi harshen Kaldiyawa da littattafansu, bai kuwa rabu da Allahnsa ba. Manzo Bulus ya yi karatu a wurin Gamaliyel, Ubangiji kuma ya yi aiki da wannan ilimi.

Duk da haka kada kowa ya tashi da gaggawa. Ga abubuwa uku da ya kamata miji da mata su zauna su daidaita.

Na ɗaya, kuɗi. A lissafta kuɗin makaranta, da na jarrabawa, da na mota, da na ɗaki, da abinci. Kada a taɓa hatsin da yara za su ci har kaka. In akwai shinkafar rani ta Bakolori, ko adashi, ko akuya, a san tun yanzu wanne aka keɓe.

Na biyu, aiki. Shekara guda tana da damina a cikinta. Wa zai riƙe gona? In uwargida ce za ta tafi, wa zai kula da yara? Maigida, kada ka ce mata "je ki" da baki, sa'an nan ka bar mata tuwo da wanki da goyo suna jiranta. Zumuntar Mata ma tana da abin yi a nan.

Na uku, a tabbatar da makarantar. Akwai masu kafa allo su karɓi kuɗi, alhali hukumar IJMB ba ta san da su ba. A je da ƙafa, a biya a banki, a karɓi rasit. A kuma tambayi jami'ar da ake so waɗanne darussa uku take karɓa, kada a gama wahala a iske haɗin bai yi ba.

Zama a aji ɗaya da sa'o'in ƙannenka yana da nauyi a makon fari. Amma babba yana da abin da yaro ba shi da shi: ya san abin da ya kawo shi. Musa yana da shekara 80 sa'ad da ya tsaya a gaban Fir'auna. Dattawan ikkilisiya, ku nemi irin waɗannan 'yan'uwa a cikinku, ku ƙarfafa su, ku sa su cikin addu'a.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Alherinsa ya kasance tare da gidajenku duka.