Dattijai marasa gemu da kofin shayina

Wannan makon kaina zan tona wa asiri.

Ranar wata Talata ruwan sama ya ɓarke mana a Kumasi, sai ga wasu samari biyu sun fake a bakin shagona. Kun san su: farar riga, laktaye, da ɗan baƙin allo maƙale a ƙirji, kullum su biyu kamar takalmi. Ɗaya Bature ne daga jihar Utah ta Amurka, ɗaya kuma ɗan Najeriya. Na leƙa allon, na ga an rubuta Elder, wato dattijo. Na dubi haɓarsu, ko gashi ɗaya babu. Na ce, "To fa! Idan ku ne dattijai, ni kuma me za a kira ni, kakan kasuwa?" Suka yi dariya, suka ce laƙabin aiki ne, tun daga shekara 18 ake tura su wa'azi na shekara biyu.

Baƙonka annabinka, na aika yaro ya karɓo shayi mai kauri. Da aka kawo, suka yi godiya, suka ce ba sa sha. Na ce ko kofi? Suka ce shi ma haka. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce a zuci, wato ƙyamar kofin Bahaushe suke yi. Na ɗaure fuska har ruwa ya ɗauke suka tafi.

Maƙwabcina mai sayar da takalma, wanda muka fi shekara goma bango ɗaya, yana kallon komai. Shi ma ɗan cocin ne, kuma shi ke jagorantar na unguwarsu, ba tare da albashi ba, don su shugabannin unguwa ba a biyansu. Ya ce, "Alhaji, sau nawa na kawo maka naman biki ka ce sai ka san wanda ya yanka? Na taɓa fushi?" Na yi tsit. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

A ranar ya warware mini abin da ban taɓa tambaya ba. Tun 1833 suke da ƙa'idar da ta hana su giya, taba, kofi da ganyen shayi. Milo kam suna sha, da na sani da ban yi asarar kuɗina ba. Lahadin farko na kowane wata suna azumi, su tsallake abinci biyu, su ba da kuɗinsa don mabuƙata. Suna fitar da kashi ɗaya cikin goma na samunsu, abin da ya sa na daina ƙorafi a kan ɗaya cikin arba'in na zakka. Na tsokane shi da batun mata da yawa, ya ce tun 1890 suka bar wannan, "mun bar muku, Alhaji." Hatta sunan Mormon da muke kiransu, tun 2018 shugabansu na wancan lokacin, Russell Nelson, ya roƙi a riƙa faɗin cikakken sunan cocin, wanda Joseph Smith ya kafa a 1830.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin 1989. A watan Yuni na shekarar gwamnatin Rawlings ta dakatar da ayyukansu a Ghana, aka rufe wuraren ibadarsu, aka sallami masu wa'azi 'yan ƙasar waje. Kusan shekara ɗaya da rabi suna ibada a cikin ɗakunansu, sai ƙarshen 1990 aka ɗage. Yau ga babban ɗakin ibadarsu a Akra, wanda aka buɗe a 2004. Mu 'yan zango, da aka taɓa cewa baƙi su tattara su bar ƙasar a 1969, ai mun san ɗacin a wayi gari a ce ba a son ganinka.

Kada wani ya ce Alhaji ya fara karkata. Aƙidarmu daban, tasu daban, na faɗa masa, ya faɗa mini, kowa ya riƙe tasa. Amma duk Juma'a shi ke tsare mini shago har in dawo daga masallaci, ko allura ba ta taɓa ɓata ba.

Dalilin rubutun nan shi ne, kwanan baya na ga yaran unguwa suna bin irin samarin nan da ihu, har da jifa, kuma akwai jikana a ciki. Na ja kunnensa sosai. Iyaye, idan tsoro kuke kada a janye muku 'ya'ya, maganinsa Islamiyya da zama da su a gida. Jifa ba ta tsare imanin kowa, sai dai ta zubar da mutuncin zango a ƙasar da muke cin abinci. A koya wa yaro ya ce "na gode, ina da addinina" cikin ladabi, kamar yadda aka mayar mini da shayina.

Samarin sun sake biyowa makon jiya. Na sa aka haɗa musu Milo, suka shanye tas, ɗan Najeriyar har da neman ƙari.

Sai mako mai zuwa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.