Tsaigumi: abin da ke tsakanin jirgi guda da masana'anta

A sansanin sojin sama da ke maƙwabtaka da Hayin Banki, a arewacin birnin Kaduna, aka ƙaddamar da jirage marasa matuƙi guda biyu ƙirar gida: Gulma a Disambar 2013, sai Tsaigumi a Fabrairun 2018, wanda aka ƙera tare da kamfanin UAVision na Fotugal. Duk da haka, da buƙatar yaƙi da 'yan bindiga ta matsa, China da Turkiyya Najeriya ta nufa sayayya.

Wani ɓangare na dalilin yana cikin abin da ake gina irin waɗannan jirage da shi. Galibi zaren gilashi ne ko zaren kabon da aka saƙa kamar yadi, a jiƙa shi da danƙon roba, ya daskare ya yi ƙarfi ba tare da nauyi ba. Kusan rabin nauyin jirgin Boeing 787 irin wannan haɗi ne.

Hanya mafi arha ita ce shimfiɗa yadin a mazubi da hannu, a shafa danƙon da buroshi, a danne da abin murzawa. Ta isa a fitar da jirgi guda na baje koli. Matsalarta, ingancin aikin ya rataya ne ga hannun ma'aikaci: kumfar iska kaɗan da ta maƙale tsakanin shimfiɗa biyu tana iya zama tsagar da za ta raba fiffike a sama, kuma ido ba ya ganinta. Wanda ke son fiffike na ɗari ya yi daidai da na farko, sai ya zuƙe iskar da famfo a cikin jakar leda, ko ya gasa kayan a tanderu mai matsin lamba, sannan ya binciki kowane yanki da na'ura. Nan kuɗin yake, nan kuma ake buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa, domin gashin da ya katse a tsakiya asara ce.

Zaren kansa ma shigo da shi ake yi. Kamfanoni ƙalilan, irin su Toray na Japan, ke riƙe da kasuwar zaren kabon, kuma mafi ingancinsa ba ya fita sai da izinin gwamnatocinsu. Abin takaici, Kaduna ta taɓa mallakar dubban masaƙa a Kakuri, kafin masaƙar KTL, da aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002.

Dokar hukumar ƙera makamai ta DICON ta 2023 ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Za a auna ta ne da ko wani zai zuba jari a tanderu, ɗakin gwaji da horar da ma'aikata.