Keken Guragu Mai Batir: Hidimar da Ke Bayan Kyauta

Duk wanda ya halarci taron rabon kekunan guragu masu batir, inda ake jera su sababbi fil gaban manyan baƙi ana ta addu'a ga mai bayarwa, wajibi ne ya tambaya ina kekunan nan za su kasance bayan shekara biyu. Domin da yawansu a lokacin suna jingine a zaure ƙura ta lulluɓe su, mai keken kuwa, wanda ya ɗanɗani zuwa masallaci da kasuwa ba da taimakon kowa ba, ya koma rarrafe. Wannan abu yana ci mini rai.

Illar daga batir take somawa. Galibin kekunan nan batura biyu ke tafiyar da su, kowanne bolt 12, a haɗe su ba da 24, kuma irin na dalma ne, wanda ɗabi'arsa ita ce idan aka bari ya ƙare ƙarƙaf, aka kuma yi jinkirin caji, sai wani gishiri ya daskare a farantansa, ƙarfinsa ya ragu raguwar da ba ta dawowa. Ƙa'ida ita ce a sa shi caji kowane dare, kimanin sa'o'i takwas, da cajarsa ta asali. To, yaya mutumin unguwar da ke kwana uku ba wuta zai cika wannan sharaɗi? Ga kuma zafin bazara irin na Sakkwato da Maiduguri, wanda shi ma ke rage wa batir kwana.

Sauran hidimar ba ta gagari iyali ba: a tsince gashi da zare da ke nannaɗe gatarin ƙananan tayoyi, a goge ƙurar hunturu da tsumma mai danshi, a rufe sandar tuƙi da leda in damina ta faɗi.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya bibiya da gyara cikin matakai takwas na bayar da keken guragu, alhali masu kyautarmu a miƙawa suke tsayawa. Malamai sun karantar da mu cewa sadaka mai gudana ita ce wadda amfaninta bai yanke ba. Saboda haka ina kira ga attajirai da hukumomin zakka da waƙafi, duk keken da za su bayar, su haɗa shi da faifan sola da kuɗin canjin batura, su kuma ɗauki nauyin koyar da gyaransa ga samarin da ke haɗa sola a kowane gari.