Buhun shinkafar azumi ba ya yashe kwata

Duk shekara in azumi ya kama, sai ka ga motocin kamfanoni sun nufi masallatan Zango da shinkafa da sukari da madara. A ɗauki hoto, a sa a Facebook, mu kuma mu ce Allah ya saka da alheri. Madalla, kyauta ba laifi ba ce. Amma jama'a, da wannan kaɗai za mu auna kirkin kamfani?

Ba mu manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, cikin Ankara, mutum sama da 150 suka rasu. Cikin abubuwan da suka jawo masifar har da magudanan ruwa da shara ta toshe. Je ka leƙa babbar kwatar Nima yau, ka ƙirga ledojin fiya wata. Kamfani nawa ne cikin masu kawo mana shinkafa ke biyan masu tsintar ledarsu?

Wani zai ce, Malam, talaka araha yake nema. Gaskiya ne. A Disamban 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, kuma wanda sidinsa bai kai ba, ba ka ce masa ya sayi mai tsada. To amma fiya wata kusan kuɗinsa ɗaya a unguwa. Inda farashi ya zo daidai, zaɓi ba ya cin ko kwabo.

Kuma mai saye yana da ƙarfi. Da ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash a 2013, ya kashe mutum sama da 1,100, yawancinsu masu ɗinki, ihun masu saye da ƙungiyoyin ƙwadago ne ya sa kamfanonin tufafi sama da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar tsare lafiyar ma'aikata.

Mu a Zango, ƙarfinmu na hannun masu shago da matan da ke sarin ruwa. Idan mai mota ya zo sauke kaya, a tambaye shi: wa ke kwashe ledarku? Ana biyan yaran motar nan a kan lokaci? Limamai ma, in an kawo buhu, su karɓa su yi godiya, sannan su yi tambayar. Kamfanin da ya amsa da aiki, mu riƙe shi, mu gaya wa maƙwabta. Wanda ya yi shiru, ga wani nan a layi, damina kuwa tana tafe.