Waƙar Da Muke Ɓoye Wa Juna Ba Ta Cancanci Ɓoyo Ba

Jama'a, musamman ku 'yan'uwanmu mutanen Arewa da neman abinci ya kai ku Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, yau zancen waƙa na kawo muku, kuma ta Bature. Na san wasu za su ce ashe an rasa abin magana ne. To, a yi mini haƙuri a ji ta bakina tukuna.

Na fara jin waƙar nan a Maiduguri cikin shekarar 1990, a rumfar wani mai gyaran rediyo kusa da Kasuwar Litinin. A zamanin kaset ne, kuma ba a jima ba sai ga ta a motocin haya da teburan masu shayi da ɗakunan ɗaliban jami'a. Samarin wancan lokaci su ne dattawan yau, masu furfura a gemu, waɗansu na sayar da bandar Baga a kasuwannin Kurmi, waɗansu na harkar shanu, waɗansu na gadi. Abin da na lura da shi, da yawa cikinsu har yanzu suna da ita a waya, amma da zarar wani ya doso sai ka ga an yi maza an rage murya, kamar wanda aka kama da hannu cikin tukunya. Sunan waƙar "Another Day in Paradise", mai ita kuwa wani Baturen Ingila ne, Phil Collins.

Me ya kawo wannan kunya? Na ɗaya, ana ganin bai kamata dattijon da ya tashi cikin amon ganga da algaita a ƙofar fadar Shehu ya ɓuge da sauraron kiɗan Turawa ba. Na biyu, ko a cikin kiɗan Turawan ma, wannan iri ne mai sanyi, reshen kiɗan da suke kira rok wanda aka zare masa hayaniya, kuma masanan kiɗa na can sun daɗe suna yi masa kallon abincin marasa haƙori. Na uku, an ce mai waƙar attajiri ne da ya yi kuɗi da kukan talaka. Ni kuwa ra'ayina shi ne waƙar nan ginanniya ce, gwani ya gina ta, kuma sanyin nan da ake raina ta dominsa shi ne ainihin ƙarfinta.

Bari mu fara da sanin mutumin. Phil Collins makaɗi ne tun kafin ya zama mawaƙi. Ya shiga ƙungiyar Genesis a 1970 a matsayin mai buga ganguna, kuma sai bayan da Peter Gabriel ya bar ƙungiyar a 1975 aka miƙa masa jan waƙa. Ya fitar da wannan waƙa a watan Oktoba na 1989. Ta hau matsayi na ɗaya a Amurka cikin Disamba na wannan shekara, ta yi mako 4 a can, ta zo ta biyu a Ingila, sannan a 1991 ta ci babbar kyautar Grammy ta faifan shekara. Amma yawan ciniki ba shi ke nuna kyan kaya ba, don haka mu ajiye lambobin yabo gefe mu duba ginin kansa.

Abu na farko shi ne ɗan karin nan da ake bugawa da fiyano mai aiki da lantarki tun daga farkon waƙar. Sautuka ne 'yan kaɗan, yaro ma zai iya bin su da fito bayan ya ji sau biyu. Su ake komawa gare su bayan kowane baiti, har ƙarshe. Masu raini suna cewa wannan talaucin fasaha ne. Amma mu da muka san Ɗan Maraya Jos ba mu da bakin faɗar haka. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi, ƙoƙonsa ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata, kuma da shi ya riƙe ƙasar nan shekaru da dama har ya rasu a 2015. Makaɗanmu sun daɗe da sanin cewa waƙa tana tsayuwa ne a kan gindinta, wato ɗan guntun nan da 'yan amshi ke maimaitawa, shi kuma uban waƙa ya riƙa ɗora ɗiya a kai. Samo gindin da ba ya ginsar kunne ko an maimaita shi sau hamsin ya fi wuya a kan tara sautuka barkatai. Baturen nan ya samo nasa, kuma shi ya sa mutumin da bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba yake gane waƙar tun kafin a buɗe baki.

Abu na biyu shi ne kamun kai. Wanda ya san waƙarsa ta 1981, "In the Air Tonight", ya san yadda ganguna ke fashewa a tsakiyarta kamar tsawa, har ta zama abin da aka fi sanin sa da shi. A nan kuwa ya hana hannunsa wannan rawar. Kiɗan yana tafiya da taki ɗaya, ba gudu ba tsayawa, kamar tafiyar mutumin da ya nufi wurin aikinsa ba ya son a tare shi. Jita da sauran kayan kiɗa duk an ja su baya, babu wanda aka bari ya fito ya nuna kansa. Duk wanda ya taɓa zama gaban Alhaji Mamman Shata ya san haka masu kalangunsa ke yi: suna riƙe masa ƙasa, ba sa gasa da bakinsa. Gwanin makaɗi da ya iya cika fili da amo, amma ya zaɓi ya sassauta domin magana ta fito, ya nuna ya san abin da kiɗa yake wa aiki.

Abu na uku shi ne yadda sauti da ma'ana suke ja-in-ja. An zuba waƙar a kan irin jerin sautin da Turawa suka saba warewa domin juyayi, amma sunanta yana maganar ƙarin kwana guda cikin aljannar duniya. Wannan gugar zana ce, kuma da mai sauraro ake. Labarin da ke ciki gajere ne: wata mata marar wurin kwana ta nemi taimakon wani mai wucewa, shi kuwa ya yi kamar bai ji ba, ya tsallaka titi ya yi gaba. Mai waƙar bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Da ya zo amshi sai ya juyo gare mu, ya tuna mana cewa mu da muke da rufi a ka, daula muke ciki. A wurin amshin nan ne ake jin murya ta biyu tana rufa masa baya, ta David Crosby, wani tsohon mawaƙin Amurka da ya shahara wajen haɗa murya, kuma ita ce ke sa zancen ya tashi daga bakin mutum ɗaya ya zama kamar na jama'a.

To, a nan ne amfanin sanyin yake. Da an yi waƙar da ihu da zagi, da waɗanda aka yi ta dominsu sun kashe rediyo. Amma da yake an yi ta da laushi, sai ta shiga motar mai kuɗi da falon otal da ofishin manya, ta faɗa musu abin da ba sa son ji, suna kuma kaɗa kai. Uwa ma in za ta ba yaro magani mai ɗaci, da zuma take haɗawa.

Yanzu mu zo ga sukar da ta fi nauyi. Tun fitowar waƙar aka yi ta cewa a Ingila, ina ruwan mai miliyoyi da masu kwana a titi? Shi dai ya ce abin da ya gani ne a birnin Washinton, mutane kwance a waje cikin sanyi ba nisa da majalisar dokokin ƙasar da ta fi kowace arziki. Ni ban ga laifin mai ƙoshi don ya ga mai yunwa ya yi magana ba. Laifin da na sani shi ne ya gani ya yi shiru. Kuma Shata ma ba matalauci ba ne, amma ba mu taɓa auna waƙarsa da abin da ke aljihunsa ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: waƙar tana da rauni. Ba ta tambayi abin da ya fitar da matar nan daga gida ba, ba ta ambaci haya ko rashin aiki ko hukuma ba, kuma daɗinta na iya sa mutum ya ji tausayi na minti biyar ya ɗauka ya sauke nauyi. A nan Ɗan Maraya ya fi shi, domin in ya ɗauki talaka, kamar karen mota, yakan shiga cikin rayuwarsa ya nuna maka cinsa da kwanansa da wahalarsa. Baturen daga nesa ya hango tasa. Amma hange na gaskiya ma abu ne, kuma bai ce ya fi haka ba.

Abin da ya sa na ga ya dace a yi wannan zance a shafin nan shi ne, waƙar ta iso mu a kan kari. Ta zo ana tsakiyar matsin shirin tsuke bakin aljihu da aka fara a 1986, kaya sun yi tsada, naira ta faɗi. A watan Yuli na 1990, tana cikin tashe, aka rushe unguwar Maroko a Ikko, dubban ɗaruruwan mutane suka wayi gari ba su da makwanci cikin damina. Mutanenmu da ke Ikko a lokacin sun gani da idonsu. Mu kuwa a Yerwa muna jin labari, muna ɗaukan abin na nesa ne, kamar yadda muka ɗauki matar cikin waƙar.

Ashe abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Daga 2009 rikicin Boko Haram ya tashi, kuma cikin 'yan shekaru mutanen Bama da Gwoza da Baga da Dikwa da ƙauyuka ba iyaka suka kwararo Maiduguri, manoma da masunta da 'yan kasuwa waɗanda jiya su ke bayarwa. Aka buɗe sansanoni irin su Bakassi da Dalori. Amma abin da ya kamata tarihi ya riƙe shi ne, mafi yawan waɗanda suka gudo ba a sansani suka sauka ba, a gidajen jama'a suka sauka. Mai ɗaki biyu ya ba da ɗaya, mai zaure ya share shi, tukunyar mutum goma ta ciyar da ashirin. Mutanen Yerwa ba su tsallaka titi ba. Sannan a watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Litinin da kewayen fadar Shehu, masu masauki da baƙinsu suka haɗu a kan titi guda da tabarmi a ka. Wanda ya ga wannan, in ya sake jin waƙar nan, ba zai ji ta kamar yadda ya ji ta a 1990 ba.

Ku kuma da ke Kurmi, babu wanda ya fi ku sanin fuskokin labarin nan biyu. Kusan kowanenku ya taɓa sauka daga babbar mota da asuba a garin da ba ya jin harshensu, ya kwana a barandar shago ko ƙarƙashin gada, ya yi sallama an wuce shi. Yau da yawanku sun kafu a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Ama Hausa ta Owerri, suna da shago da iyali. Kuma har yanzu yara na sauka. An hana acaba a Maiduguri a 2011, da yawa suka gangaro Ikko da baburansu, nan ma aka hana a manyan sassan birnin a 2020 da 2022. Wanda ya taɓa kwana a waje shi ya fi kowa sanin dabarar kau da kai, domin ya san idon mai roƙo in ya haɗu da naka ba ya saki. Ina jin wannan na cikin abin da ke sa dattijo rage murya: waƙar tana tuna masa daren da ya fi son ya manta, da kuma yaron da ya wuce ɗazu a bakin tasha.

Ba na cewa kowa ya ajiye Shata ko gangar Barno ya koma ga kiɗan Turawa. Namu namu ne, kuma ya fi zurfi a wurinmu. Abin da nake cewa shi ne kunnen da ya gane kyan wannan waƙa, tarbiyyar gida ce ta koya masa: son gindi mai ƙarfi, da kiɗan da ke girmama magana, da habaicin da ba ya zagi. Saboda haka babu dalilin ɓoyo. In ta zo a waya ko a rediyo, a bar ta ta kai ƙarshe. In yaro ya tambayi abin da Baturen ke cewa, a fassara masa, a kuma ba shi labarin gidajen Yerwa da suka buɗe ƙofa. Sannan in an fito, aka tarar da sabon zuwa a bakin masallaci ko tasha da 'yar jakarsa, a tsaya a tambaye shi daga wane gari yake, kuma ko ya sami wurin kwana.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gida cikin rufin asiri.